Grant Fuhr: Shekara 19 a bakin raga a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara

A shekarar 2003 ne aka shigar da sunan Grant Fuhr cikin zauren karrama gwarzayen wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu wannan matsayi.

Fuhr mai tsaron gida ne. Ya buga kakar wasa 19 a gasar NHL ta Amurka da Kanada, wadda ita ce mafi girma a duniya a wannan wasa. Ya ɗauki kofin Stanley sau biyar, an taɓa dakatar da shi saboda shan hodar iblis, sannan ya dawo ya kafa tarihin da har yanzu ba a samu wanda ya karya ba.

Rayuwarsa a fagen wasa ta nuna irin wahalar da ke cikin wannan sana'a: ƙofar shigarta ƙarama ce, takan ci jikin mai yin ta, kuma wanda ya daɗe a cikinta shi ne wanda ya iya tashi bayan ya faɗi. Labarin nasa ya kuma taɓa Najeriya ta wata hanya.

Wane irin wasa ne wannan?

A Guri ko Haɗejiya, komai tsananin hunturu ruwan kogi ba ya daskarewa. Amma tsuntsayen da ke sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru kowace shekara, da yawansu sanyin Turai suke gudu. Irin wannan sanyi ne ke mayar da tafkuna su zama ƙanƙara mai tauri a Rasha da Finland da Sweden da kuma Kanada, har yara su riƙa wasa a kansu. A birnin Edmonton, inda Fuhr ya yi suna, sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri.

Ƙwararru kuwa a cikin rufaffen zaure suke wasa, a kan ƙanƙarar da na'ura ke daskararwa. Filin gasar NHL tsawonsa mita 61 ne, faɗinsa mita 26. Kowace ƙungiya na da 'yan wasa shida a fili, biyar masu gudu da mai tsaron gida ɗaya. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, wanda da shi suke zamewa a kan ƙanƙara. Ana yin wasan a zango uku, kowane zango minti 20.

Ƙwallon da ake bugawa ba dunƙulalle ba ne irin na ƙwallon ƙafa. Wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri kamar ƙodagon goriba, faɗinsa santimita bakwai da rabi, kaurinsa santimita biyu da rabi, nauyinsa kimanin giram 170. Ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Ragar kuwa faɗinta santimita 183 ne, tsayinta santimita 122.

Idan ƙwararre ya ɗirka wa wannan faifai sanda, gudunsa kan wuce kilomita 160 a awa ɗaya. A 2012 an auna wani bugu na Zdeno Chara da ya kai kilomita 175. Ke nan idan aka buga daga nisan mita 18, abin da mai tsaron gida yake da shi bai kai rabin daƙiƙa ba.

Sauran 'yan wasa ana sauya su ne akai-akai, galibi kafin su cika minti ɗaya a fili. Mai tsaron gida shi kaɗai ne yake tsayawa daga farko har ƙarshe, kuma yawanci yakan fuskanci hari kusan 30 a wasa guda. Wanda ake ganin ya iya aikinsa a yau shi ne mai tare kimanin tara daga cikin kowane goma.

Lifidi da kwalkwali

Wanda ya taɓa ganin 'yan lifida a hawan sallah a Haɗejiya zai fahimci shigar mai tsaron gida. Yana ɗaure manyan matasai a ƙafafunsa, ya sa rigar kariya a ƙirji da hannuwa, hannu ɗaya da safar cafke ƙwallo, ɗayan da abin karewa da kuma sanda mai faɗi, ga kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska. Nauyin kayan kan kai kusan kilo 20.

Da can dai ba haka abin yake ba. Shekaru da dama masu tsaron gida da fuskarsu a buɗe suke wasa, kuma ana yi wa rufe fuska kallon alamar tsoro. Glenn Hall ya buga wasa 502 a jere ba tare da abin kare fuska ba.

Ranar 1 ga watan Nuwamban 1959 ne al'amarin ya sauya. Wani bugu na Andy Bathgate na ƙungiyar New York Rangers ya fasa fuskar Jacques Plante na Montreal Canadiens. Bayan an ɗinke shi, Plante ya ƙi komawa fili sai da abin rufe fuskar da yake sawa a wajen atisaye. Kocinsa Toe Blake bai so ba, amma ba shi da wani mai tsaron gida a wannan dare. Daga nan sauran suka fara bin sahu.

Duk da haka haɗarin bai ƙare ba. A watan Maris na 1989 ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya yanki wuyan Clint Malarchuk na Buffalo Sabres ana tsakiyar wasa. Mai kula da lafiyar 'yan wasan ne ya danne jijiyar da hannunsa har likitoci suka karɓe shi. Sai da aka yi masa ɗinki kusan 300.

Ƙofa ƙarama

Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NHL, kuma kowace takan shiga wasa da masu tsaron gida biyu, ɗaya a raga ɗaya a benci. Wato gurbi 64 ke nan ga duk masu tsaron gidan duniya, kuma rabinsu zaman jira suke yi.

Hanyar samun gurbin takan fara ne tun yaro yana ƙarami, a ƙungiyoyin unguwa, daga nan zuwa gasar matasa ko ta jami'o'i. Idan ya cika shekara 18 sai ya shiga jerin waɗanda ƙungiyoyin NHL ke zaɓa bi da bi sau ɗaya a shekara. Galibin waɗanda aka zaɓa sai sun ƙara shekaru a ƙananan gasanni kafin a kira su, wasu kuma ba a taɓa kiransu.

Masu tsaron gida sun fi sauran 'yan wasa jinkirin nuna, domin aikin ya fi dogara ga karanta wasa da natsuwa fiye da ƙarfin jiki. Dominik Hasek, wanda aka haifa a tsohuwar Chekoslobakiya, shi ne na 199 a zaɓen 1983, kuma sai da ya kusa shekara 29 kafin ya zama na ɗaya a ƙungiyarsa. Daga baya ya karɓi kyautar Vezina ta gwanin masu tsaron gida har sau shida.

Akwai kuma akasin haka. Rick DiPietro shi aka fara zaɓa a shekarar 2000, kuma a 2006 ƙungiyar New York Islanders ta ba shi kwantiragin shekara 15 a kan dala miliyan 67 da rabi. Raunuka a ƙugu da gwiwa suka hana shi sakat, har ƙungiyar ta sallame shi a 2013. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi ke ɗari-ɗari da zaɓen mai tsaron gida a sahun farko.

Ɗan riƙo daga Spruce Grove

Grant Fuhr na cikin 'yan ƙalilan da suka shiga da wuri. An haife shi ranar 28 ga watan Satumban 1962 a lardin Alberta. Ɗaya daga cikin iyayen da suka haife shi baƙar fata ne, ɗayan kuma daga al'ummar Cree, 'yan asalin Kanada. Tun yana jariri wasu ma'aurata farar fata, Robert da Betty Fuhr, suka ɗauke shi riƙo, suka rene shi a garin Spruce Grove da ke kusa da Edmonton.

A lokacin baƙaƙen fata a wannan wasa ba su taka kara sun karya ba. Sai a watan Janairun 1958 ne Willie O'Ree ya zama baƙar fata na farko da ya buga wasa a NHL, kuma bayansa an daɗe kafin a ga na biyu.

A 1979 Fuhr ya shiga ƙungiyar matasa ta Victoria Cougars. Bayan kaka biyu, a 1981, Edmonton Oilers ta zaɓe shi a matsayi na takwas. A kakarsa ta farko, yana ɗan shekara 19, ya yi wasa 23 a jere ba a doke shi ba.

Kaka ta biyu kuwa ba ta zo masa da daɗi ba. Ƙoƙarinsa ya ragu, 'yan kallo suka fara yi masa ihu, har ƙungiyar ta tura shi ƙaramar gasa a garin Moncton na ɗan lokaci. Wannan ce faɗuwarsa ta farko.

Zamanin Edmonton

Edmonton ta wancan lokaci ƙungiya ce da ta fi damuwa da kai hari fiye da tsare gida. Tana da Wayne Gretzky, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin ɗan wasan da ba a taɓa yin kamarsa ba, ga Mark Messier da Jari Kurri da Paul Coffey. A kakar 1983 zuwa 1984 ta ci ƙwallo 446, adadin da babu ƙungiyar da ta kai shi har yau.

Sakamakon wannan salo shi ne sau da yawa akan bar mai tsaron gida shi kaɗai da abokan hamayya. Saboda haka alƙaluman Fuhr ba su kai na wasu kyau ba, domin a tsawon rayuwarsa ta wasa ana zura masa fiye da ƙwallo uku a kowane wasa idan aka yi lissafin matsakaici. Abin da aka san shi da shi shi ne hana ƙwallon da zai kashe wasa. Ana iya cin sa huɗu, amma idan aka zo minti na ƙarshe ana kunnen doki, da wuya a ci na biyar. Gretzky ya sha bayyana shi a matsayin mai tsaron gidan da ya fi kowa a tarihin wasan.

A wasan farko na zagayen ƙarshe na 1984, Fuhr ya hana New York Islanders cin ko ɗaya, aka tashi ɗaya da nema. Islanders ɗin ce ta riƙe kofin shekara huɗu a jere kafin nan. Ya ji rauni a kafaɗa a wasa na uku, abokin aikinsa Andy Moog ya ƙarasa, Edmonton ta ɗauki kofin Stanley karo na farko. Fuhr ya zama baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi. A 1985 suka sake ɗauka, inda ya tare bugun fanareti biyu a karawarsu da Philadelphia Flyers.

A 1986 ƙaddara ta faɗa musu. A wasa na bakwai da Calgary Flames, wani matashin mai tsaron baya, Steve Smith, ya yi ƙoƙarin miƙa ƙwallo daga bayan raga, sai ya bugi ƙafar Fuhr ya shige gidansu. Da wannan ƙwallo aka fitar da su. Shekara ta zagayo suka karɓe kofin a 1987, suka kuma riƙe shi a 1988.

A 1987 ɗin ne kuma Fuhr ya tsare wa ƙasarsa gida a gasar Kofin Kanada. An yi wasa uku da Tarayyar Sobiyet a zagayen ƙarshe, kowanne aka tashi 6 da 5, Kanada ta ci biyu daga ciki. A kakar da ta biyo baya ya buga wasa 75, ya karɓi kyautar Vezina.

Dakatarwa

Kofi na biyar da Edmonton ta ci a 1990, Fuhr daga gefe ya kalla, saboda rauni. Bill Ranford ne ya tsaya a raga, kuma shi aka zaɓa gwarzon zagayen neman kofin na shekarar.

Bayan 'yan watanni sai asiri ya tonu. Jaridu suka ruwaito cewa Fuhr ya shafe shekaru yana shan hodar iblis. Ya amsa laifinsa, ya kuma ce tun a 1989 ya je wata cibiyar gyaran hali a jihar Florida ta Amurka. A watan Satumban 1990 shugaban NHL na lokacin, John Ziegler, ya dakatar da shi na shekara guda.

Hukuncin ya jawo muhawara. Wasu na ganin ya dace domin yara na koyi da 'yan wasa. Wasu kuma na ganin hukunta wanda ya riga ya nemi magani da kansa zai sa sauran masu irin wannan matsala su ɓoye. A lokacin gasar ba ta da wani tsari na taimaka wa 'yan wasan da suka faɗa shaye-shaye. Sai a 1996 ne hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka kafa irin wannan shiri.

An sassauta hukuncin bayan ya rasa wasa 59. Ya dawo a watan Fabrairun 1991, kuma a wasansa na farko New Jersey Devils ba ta zura masa ko ɗaya ba.

Yawon ƙungiyoyi da dawowa

A watan Satumban 1991 Edmonton ta miƙa shi ga Toronto Maple Leafs. Daga can ya koma Buffalo Sabres a 1993, inda ya tarar da Dominik Hasek yana jiran dama. Da Fuhr ya ji rauni, Hasek ya shiga raga, bai kuma sake barin ta ba. Haka sana'ar take: gurbi ɗaya ne, kuma wanda yake benci a yau shi ne magajin gobe. A 1995 aka tura Fuhr zuwa Los Angeles Kings, inda bai taɓuka abin kirki ba, har masu sharhi suka fara cewa tasa ta ƙare.

A wannan shekara ce St. Louis Blues ta ɗauke shi. Da ya isa sansanin atisaye, koci Mike Keenan ya mayar da shi gida saboda ya yi ƙiba. Fuhr ya nemi taimakon Bob Kersee, mai horar da 'yan guje-guje, ya rage nauyi ya dawo. A kakar 1995 zuwa 1996, yana da shekara 33, ya buga wasa 79 daga cikin 82 na ƙungiyar. Babu mai tsaron gidan da ya taɓa buga adadin wannan a kaka guda, kafinsa ko bayansa.

Kakar dai ta ƙare masa da ciwo. A zagayen neman kofi wani ɗan wasan Toronto, Nick Kypreos, ya faɗo masa a ƙafa, jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke. Ya warke ya ƙara kaka uku a St. Louis, amma gwiwar ba ta koma daidai ba.

Da wuya a sake ganin wanda zai kai wasa 79. Salon tsaron gida ya sauya tun daga zamanin Patrick Roy, inda mai tsaron gida ke zubewa a kan gwiwoyinsa ya baje ƙafafu don toshe ƙasan raga. Salon yana hana ƙwallaye, amma yana cin ƙugu da gwiwa, saboda haka ƙungiyoyi a yanzu sun fi son raba wasanni tsakanin mutum biyu. Kuɗin aikin ma ya ƙaru: a watan Disamban 2024 New York Rangers ta ba Igor Shesterkin ɗan Rasha kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 92, mafi tsoka da aka taɓa bai wa mai tsaron gida zuwa lokacin.

Alaƙa da Najeriya

Kakar Fuhr ta ƙarshe, 1999 zuwa 2000, a Calgary Flames ya yi ta. A can ya haɗu da wani matashi mai suna Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa Bayarabe ne daga Najeriya.

Iginla ya taso ne a lokacin da Edmonton ke tashe, kuma ya sha faɗin cewa ganin Fuhr a raga na cikin abubuwan da suka ba shi amsa a duk lokacin da aka ce masa babu baƙaƙen fata a wannan wasa. Shi kansa da tsaron gida ya fara yana yaro, kafin ya koma gaba. A 2002 ya zama baƙar fata na farko da ya fi kowa maki a gasar NHL. Ya ci ƙwallo 625 a rayuwarsa, ya samu lambar zinare ta Olympics da Kanada a 2002 da 2010, sannan aka zaɓe shi shiga zauren gwarzaye a 2020.

Akwai kuma Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975, ya girma a lardin Ontario na Kanada. Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994, lokacin Fuhr yana ƙungiyar. Mai tsaron baya ne, kuma shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga wasa a NHL, inda ya yi wasa 69 a Buffalo da New York Rangers da Atlanta Thrashers. Bayansa an samu Akim Aliu, haifaffen Okene, wanda ya buga wa Calgary.

Fuhr ya yi ritaya a watan Satumban 2000 bayan ya buga wasa 868, ya yi nasara a 403 daga ciki. Kamar wasu tsofaffin masu tsaron gida, ya koma horar da na baya, a Calgary sannan a Phoenix Coyotes daga 2004 zuwa 2009.

A watan Oktoban 2003 Edmonton Oilers, ƙungiyar da ta taɓa tura shi ƙaramar gasa, ta kuma rabu da shi bayan dakatarwarsa, ta jingine lambar rigarsa ta 31, wato babu ɗan wasanta da zai sake sa ta. A 2017, lokacin bikin cikar NHL shekara 100, an sanya shi cikin 'yan wasa 100 mafiya shahara a tarihin gasar.